Ɗigo Huɗu, Lamba Ɗaya: Yadda Alamomin Suryaniyanci Suka Shiga Kwamfuta

Marubutan Suryaniyanci suna da wata alama da suka shafe ƙarnuka suna rufe sakin layi da ita. Ɗigo huɗu ne, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ɗaya a dama, ɗaya a hagu: ܀. Mai karatu da ya iso kanta ya san magana ta kai gaɓa, sai ya numfasa kafin ya ɗauki ta gaba. A yau wannan alama tana da lambarta a tsarin Unicode, wanda wayoyinmu da kwamfutocinmu suke dogara da shi wajen rubutu. Lambar ita ce 1792, kuma an yi alkawarin ba za a taɓa ɗauke ta a ba wani harafi ba.

Wanda ya ji haka zai iya ɗauka aikin akawu ne, a jera alamomi a bi su da lambobi a rufe littafi. Ni kuwa ina lissafa shi cikin ayyukan ilimi mafi kyau da aka yi a zamanin kwamfuta, domin kafin a ba ɗigo lamba sai an yanke hukunci a kan ko shi wane ne. Wannan ɗigon da wancan, abu ɗaya ne da hannu biyu suka rubuta, ko alamomi biyu ne masu aiki daban? Amsar tana neman mutumin da ya ƙoshi da karatun tsofaffin littattafai, ya kuma san cikin na'ura ciki da bai.

Harshen da masu shi

Suryaniyanci reshe ne na harshen Aram. Ya bunƙasa a birnin Edessa, wanda Larabawa ke kira Ruha, wato Urfa ta yau a kudu maso gabashin Turkiyya. Daga dama zuwa hagu ake rubuta shi, da baƙaƙe 22, yawancinsu suna haɗuwa da juna a cikin kalma. Sunan ba baƙo ba ne ga almajiran ilimi a ƙasar Hausa, domin akwai ruwayar da ke cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi Suryaniyanci saboda wasiƙun da ke zuwa masa. Daga baya, a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, malamai irin su Hunainu ɗan Is'haƙ, wanda ya rasu a 873, sun riƙa juya littattafan likitancin Girkawa zuwa Suryaniyanci da Larabci.

Har gobe harshen ibada ne a majami'u da dama: ta Suryaniyawa Otodoks, da Majami'ar Gabas ta Assuriyawa, da ta Kaldiyawa, da ta Maroniyawan Lebanon, da na Kiristocin jihar Kerala a Indiya. Masu shi suna Tur Abdin a Turkiyya, da Mosul da garuruwan filin Ninawa a Iraƙi, da Urmiya a Iran, da Siriya, ga kuma ɗimbin waɗanda hijira ta kai Suwidin da Jamus da Amurka da Ostireliya. Littafin Suryaniyanci mafi tsufa da ke ɗauke da shekarar rubuta shi an kammala shi ne a Edessa a 411, yana nan ajiye a Laburaren Birtaniya da ke Landan.

Rubutun da ɗigo ke riƙe da shi

Duk wanda ya buɗe shafin Suryaniyanci, ɗige-ɗige ne za su fara cika masa ido. Harafin dalat da harafin rish zubinsu ɗaya ne: ɗigo a ƙasa ya mai da shi d, ɗigo a sama ya mai da shi r. Ɗigo biyu a kwance a kan kalma, waɗanda ake kira siyame, jam'i suke nunawa. In kalmomi biyu suka zo da baƙaƙe iri ɗaya, ɗigo ke raba gardama: mim da nun da ɗigo a sama suna nufin “wa”, da ɗigo a ƙasa kuma suna nufin “daga”. Wani ɗigon yana cewa a furta harafi da ƙarfi, wani yana cewa a sassauta. Wasula ma, a al'adar masu Suryaniyanci na gabas, da ɗigo ake yin su.

Sai rukunin da ya fi shafar maganarmu, wato ɗigon da ke gaya wa mai karatu inda zai tsaya da yadda zai sarrafa murya. Littattafan nan da babbar murya ake karanta su a gaban jama'a. Wanda ya tashi da karatun Alƙur'ani, ya san nauyin alamomin waƙafi a Mus'hafi, zai gane abin da ake nufi nan take. Huɗu ne ginshiƙai. Pasoƙa ɗigo ɗaya ne a kan layi a ƙarshen jimla. Shwayya ɗigo biyu ne a tsaye, ɗaya bisa ɗaya. Tahtaya da elaya su ma ɗigo biyu ne, amma a karkace, kowanne ya jingina ta nasa gefen. A kan waɗannan malamai suka yi ta ƙari har aka samu na tambaya, da na umarni, da na mamaki, da na roƙo.

Ana jingina farkon tsara su ga Yusufu Huzaya, malamin karatu a makarantar Nasibin a ƙarni na 6. Yakubu na Edessa, wanda ya rasu a 708, ya rubuta wasiƙa musamman yana jan kunnen masu kwafar littattafai su kiyaye ƙa'idar rubutu da wurin ɗigo. Akwai littafin da aka rubuta a Harran a 899, inda aka tattara wurare masu wuyar karatu daga Littafi Mai Tsarki aka cika su da alamomi domin horar da ɗalibai. A 2011 kuma Dokta Chip Coakley na Jami'ar Kambirij ya kawo hujjojinsa cewa wasu ɗigo biyu da ake ɗorawa a kan kalma kusa da farkon jimla, masu suna zawga elaya, su ne alamar tambaya mafi tsufa da aka sani, tun daga ƙarni na 5, kuma aikinsu shi ne nuna tambayar da amsarta e ce ko a'a.

Duk waɗannan da bakin alƙalami ɗaya aka diga su. Wurin da ɗigo ya zauna shi ne ma'anarsa. A ɗaga shi kaɗan, ko a karkata shi kaɗan, magana ta sauya. Irin wannan rubutu ne aka ce a shigar cikin na'urar da ba ta san sama ko ƙasa ba.

Na'ura lamba ta sani

Kwamfuta ba ta ajiye siffar harafi, lamba take ajiyewa. Tsohon tsarin ASCII da aka yi a Amurka gurabe 128 kacal gare shi, kuma Turanci aka yi wa shi: babbar A tana gurbi na 65, aya tana na 46. Masu Suryaniyanci a shekarun 1980 da 1990 sai suka nemi dabara. Suka zana haruffansu, suka ɗora su a kan gurabun haruffan boko. Mutum ya danna kibod, harafin Suryaniyanci ya fito a fuskar kwamfuta, amma a cikin fayil harafin boko ne ke zaune. Ka aika wa wanda ba shi da irin zubin haruffanka, sai ya ga tarkacen boko marar kai marar gindi. Kowane mai zane kuma da nasa jerin, don haka abin da aka buga a wannan cibiya ba ya karantuwa a waccan.

Ƙungiyar Unicode, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1991, ta zo da manufa guda: kowane harafi na kowane rubutu a duniya ya samu lamba ɗaya tak da kowa ya yarda da ita. Gurabe 1,114,112 tsarin ya tanada. Sai dai rubutu ba ya shiga da baki. Dole wasu su kawo takarda mai hujja, su nuna kowace alama a cikin littattafai na gaske, su faɗi aikinta, su amsa tambayoyin kwamitin Unicode da na hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO.

A 1998 mutum uku suka gabatar da takardar Suryaniyanci: Paul Nelson da George Kiraz da Sargon Hasso. Kiraz, haifaffen Baitalami, misali ne na irin mutumin da aikin ke nema. Dikon ne a majami'ar Suryaniyawa Otodoks, ya yi digirinsa na uku a Kambirij a kan sarrafa harshe da kwamfuta, shi ya kafa cibiyar Beth Mardutho, kuma a 2015 ya fitar da littafi guda sukutum a kan tarihin ɗigon Suryaniyanci. A bugu na 3.0 na Unicode, a 1999, rubutun ya shiga. An ware masa gurabe 80, daga U+0700 zuwa U+074F. Dab kafinsa rukunin Larabci ne, wanda ya ƙare a gurbi na 1791. Dab bayansa kuma ƙarin haruffan Larabci ne, da yawansu na ajamin harsunan Afirka. Gurabe 14 na farkon rukunin duka alamomin tsayawa aka ba, tun kafin a zo kan harafin farko na abjadin.

Hukuncin da ya fi wuya

Ƙa'idar Unicode ita ce a ba harafi lamba, ba salon hannun da ya rubuta shi ba. Suryaniyanci yana da salo uku: Estrangela, mafi tsufa, sai Serto na mutanen yamma, sai Madnhaya na mutanen gabas. Baƙo zai rantse rubutu uku ne daban. Masu takardar suka ce rubutu ɗaya ne, haruffan ɗaya ne, bambancin na zane ne. Saboda haka aka ba su jerin lambobi guda, aka bar zubin haruffa ya zaɓi salon da zai nuna. Amfanin wannan ya fito fili: limami a Kerala da ɗalibi a Suwidin, kowanne da salon da ya saba, in suka nemi kalma ɗaya a taska ɗaya za su same ta.

A kan ɗige-ɗigen kuwa sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne kamun kan da aka nuna. Wanda ke son harshensa zai so ya ga kowace alama da sunan harshen a kanta, amma ba a bi son rai ba. Ɗigo ɗaya a kan layi a ƙarshen jimla ba shi da bambanci da ayar da kowa ya sani, sai aka ce a yi amfani da ita. Ɗigo biyu a tsaye shi ne ruwa biyu na kowa. Marubutan zamani sun ari waƙafi da alamar tambaya na Larabci, to suna nan a rukunin Larabci, U+060C da U+061F, ba sai an sake ba su wata lamba ba. Siyame na jam'i ma da U+0308 ake yin sa, wato ɗigo biyun da Jamusawa ke ɗorawa a kan wasulansu, zubin haruffan Suryaniyanci ne ke zaunar da shi inda ya dace. Dalili kuwa, in alama ɗaya ta samu lamba biyu, marubuta za su rabu gida biyu, kuma mai neman kalma zai samu rabi ya rasa rabi.

Inda bambancin ya kasance na ma'ana, nan ba a yi rowa ba. Ɗigon da ya ɗaga sama da layi ya samu U+0701, shi ne na tambaya da umarni da tsayawa, musamman a Littafi Mai Tsarki. Wanda ya sauka ƙasa da layi ya samu U+0702, na ƙaramar tsayawa. Ɗigo biyu a sama, U+0703, na mamaki ne. Ɗigo biyu a ƙasa, U+0704, a ƙarshen ayoyin roƙo ake samunsu. Ɗigo biyu a kwance, U+0705, suna ƙulla kalmomi biyu a inda murya ke hawa. Daga U+0706 zuwa U+0709 masu karkata ne guda huɗu: mai nuna gangar da ke dogara da wata, mai rufe wani yanki a kashi na biyu na aya, mai ƙaramin rabon magana, da mai rufe tambaya. Da an tattara waɗannan an ce ai duk ruwa biyu ne, da an share aikin da malaman Nasibin da Edessa suka yi na ɗaruruwan shekaru a bugu ɗaya.

Har alamomin mutum ɗaya an ba gurbi. A 616, a gidan sufaye na Enaton kusa da Iskandariyya, Toma na Harƙel ya kammala wata fassarar Sabon Alkawari wadda ya bi Girkanci sau da ƙafa. Ya ari alamomin tantance nassi irin waɗanda malami Orijin ya yi aiki da su a ƙarni na 3, ya riƙa sa ɗaya daga cikin biyu a farkon kalmar da ke da abin lura, ta uku kuma a inda ta ƙare. Su ne U+070B da U+070C da U+070D. Ba a rubuta wasiƙa ko jarida da su. Amma mai buga fassarar Toma ba zai iya aikinsa da gaskiya ba in babu su, wannan kuwa ya isa hujja.

Daga yatsa zuwa fuskar waya

Bari mu bi ܀ mu ga hanyarta. Rubutun U+0700 lamba ce a ƙirge mai tushe 16, wanda masu kwamfuta suka fi so. Bakwai ɗin tana gurbin 256, don haka 7 sau 256 ya ba da 1792. A harshen na'ura na sifili da ɗaya, ita ce 11100000000, alƙaluma 11. Bayit ɗaya kuwa alƙaluma 8 yake ɗauka, ke nan sai an raba.

Hanyar rabon da ta mamaye intanet ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Bayit na farko yana farawa da 110, alamar cewa su biyu ne tafe, sai a cika shi da alƙaluma biyar na farko, ya zama 11011100, wato 220. Na biyu yana farawa da 10, alamar cewa shi mabiyi ne, sai a cika shi da shidan da suka rage, ya zama 10000000, wato 128. A ƙirge mai tushe 16 ana rubuta su DC 80. Kyan wannan tsari shi ne, ko saƙo ya tsinke a tsakiya, manhaja tana duban farkon bayit ta san ko shugaba ne ko mabiyi, ta kama hanya daga harafi na gaba.

Lambar ba ita kaɗai take tafiya ba. Kowane gurbi yana da halayen da aka rubuta masa a taskar bayanan Unicode, kuma a nan ma akwai gwaninta. An rubuta cewa ܀ alamar rubutu ce, don kada mai duba kalmomi ya ɗauke ta harafi. An rubuta cewa ita da U+0701 da U+0702 suna rufe jimla, don manhajar da ke yanka rubutu jimla-jimla ta san inda za ta yanka. An kuma rubuta cewa ita ta dama-zuwa-hagu ce tsantsa.

Wannan na ƙarshe yana magance wata matsala da duk mai haɗa Larabci da boko a waya ya taɓa gani. Ayar boko ba ta da alƙibla tata, ta maƙwabta take bi. In ta zo a ƙarshen jimlar Larabci a cikin sakin layin boko, sai ta tsallake ta koma gefen dama, inda jimlar ta fara. Alamomin Suryaniyanci ba sa wannan tsalle, domin an ɗaure su da alƙiblar rubutunsu tun daga tushe. A cikin fayil komai yana jere yadda aka danna shi, harafin farko da farko, alama a ƙarshe. Sai an zo nunawa ne manhaja ke juya jerin ya fuskanci hagu.

Mataki na ƙarshe na zubin haruffa ne. Shi ne ke da zanen da ya dace da 1792. In babu shi, akwati fanko ake gani, amma lambar tana nan lafiya, kuma da zarar an samu zubin sai ɗigon su bayyana. Beth Mardutho ta fitar da jerin zubi mai suna Meltho, Windows XP ta zo da Estrangelo Edessa a 2001, Google kuma ta sa Suryaniyanci a cikin jerinta na Noto.

Alamar da ba a gani

Gurbin da ya fi kowanne nuna basira shi ne U+070F. Marubutan Suryaniyanci suna gajarta kalmomin da ke yawan maimaituwa, musamman a littattafan addu'a. Sai su rubuta farkon kalmar, su ja layi a samanta, galibi daga dogon harafi na ƙarshe zuwa inda aka tsaya, wani lokaci da ɗigo a farkon layin da tsakiyarsa da ƙarshensa. Haka ma suke yi in haruffa suna tsaye a madadin lambobi, irin na lissafin abjadi. Tsawon layin ya danganta da kalmar, yau haruffa biyu, gobe huɗu. To wace siffa za a ba lamba?

Masu takardar suka ce kada a ba siffa lamba, a ba umarni. U+070F ba ta da zane nata. Mai rubutu yana danna ta sau ɗaya a daidai inda layin zai fara, ma'anarta kuwa: daga nan a ja layi har ƙarshen kalma. Haruffan da ke ƙarƙashi suna nan yadda suke, mai bincike zai same su. Wahalar zanen an miƙa ta ga manhaja. A fasahar OpenType akwai wata hanya mai suna stch, inda mai zubin haruffa ke kawo layin gunduwa-gunduwa, wasu tsayayyu, wato masu ɗigon, wasu kuma masu maimaituwa. Manhaja ta auna faɗin kalmar, ta jera tsayayyun, ta cike tsakaninsu da masu maimaituwa har layin ya kai. Injin HarfBuzz, wanda ke tsara rubutu a Android da Chrome da Firefox da LibreOffice, ya fara yin haka a 2015, shekara 16 bayan an ba alamar lamba. Sannu ba ta hana zuwa. Duk rubutun da aka buga daidai a tsawon waɗannan shekaru, ranar da na'ura ta iya zanen sai ya fito yadda ake so ba tare da an taɓa harafi ɗaya ba. Mutanen gabas suna da tasu hanyar, wata alama da ake sawa a ƙarshen kalmar da aka gutsure, ita ma an ba ta U+070A.

Alkawari kaya ne

Akwai wani abu a U+0709 da ke nuna halin tsarin gaba ɗaya. Sunan da aka ba alamar a hukumance ya ce ta karkata dama, alhali hagu ta karkata. Da aka gano, ba a goge sunan ba. Ƙa'idar Unicode ta hana canza sunan harafi ko lambarsa bayan an fitar da shi. Abin da aka yi shi ne ƙara masa suna na biyu a hukumance, mai cewa hagu, aka rubuta a fili cewa gyara ne.

Ƙa'idar tana da tarihi. A bugu na 2.0, a 1996, an kwashe dubban gaɓoɓin rubutun Koriya daga gurabunsu aka kai su wasu, abin da ya sa tsofaffin fayiloli suka daina karantuwa daidai. Daga nan aka ɗaure kai da cewa ba za a sake ba. Manhajoji da yawa suna kiran harafi da sunansa, takardu marasa adadi suna ɗauke da lambarsa, kuma babu wanda ya san inda duka suke balle ya bi su ya gyara. Magana zarar bunu ce. Barin kuskure a bayyane tare da gyaransa a gefe ya fi aminci a kan share shi, kuma hanya ce da masu kwafar littattafai na da za su gane, domin su ma a gefen shafi suke gyara. Ƙari kuwa ƙofarsa a buɗe take: a 2017, bugu na 10.0 ya kawo haruffa 11 na Suryaniyanci da mutanen Kerala ke rubuta harshen Malayalam da su.

Abin da lamba ke tsarewa

A watan Agustan 2014, da mayaƙan IS suka doshi garin Ƙaraƙosh na Iraƙi, Fada Najeeb Michaeel, wanda daga baya ya zama babban bishop na Kaldiyawa a Mosul, ya loda tsofaffin littattafai a mota ya tsere da su zuwa yankin Kurdawa. Shekaru kafin nan, shi da ɗakin karatu na HMML da ke Minnesota a Amurka sun yi ta ɗaukar hotunan littattafan Iraƙi shafi-shafi. Hoto yana tsare kamannin shafi, wannan kuwa babbar riba ce. Amma hoto ba ya amsa tambaya. Sai an buga nassin da lambobinsa ne mai bincike zai iya cewa a fito masa da duk ayar da ta ƙare da alamar tambaya, ko ya gwada yadda littafin ƙarni na 9 da na ƙarni na 13 suka tsayar da jimla ɗaya. Sai da lambobin ne yaron da aka haifa a gudun hijira zai rubuta wa kakarsa saƙo a waya da haruffan da ta sani.

Mu ma wannan tsarin ne ke ɗauke da mu. Harafin ƙ yana gurbi na 409, ɓ tana 595, ɗ yana 599, kuma a 2016 aka ƙara fa da ƙaf da nun irin na rubutun Magrib da Afirka ta Yamma, waɗanda ajaminmu ke amfani da su. Wasu ne suka zauna suka kawo hujja a kan kowanne. Mun kuma san abin da ke faruwa in mai buga rubutu ya ga ƙugiya wahala ce: ƙasa ta koma kasa, mai neman ɗaya ya tarar da ɗayar.

Haka yake ga Suryaniyanci. Malaman da suka diga alamomin sun yi nasu, waɗanda suka tantance su suka ba su lamba sun yi nasu, masu zubin haruffa da masu manhaja sun yi nasu. Na ƙarshe a silsilar shi ne mutumin da ke zaune gaban kibod da tsohon shafi a gefensa. In ya ga ɗigo biyu a karkace ya danna ruwa biyu na boko don sauri, babu na'urar da za ta dawo da abin da ya zubar. In ya tsaya ya duba ta wane gefe suka karkata, ya nemo lambarsu ta gaskiya, to ya zama ɗaya daga cikin masu kwafar da Yakubu na Edessa ya yi fatan samu, kuma wanda zai karanta bayansa zai tsaya a inda marubucin farko ya so a tsaya.